Hancin Gidan Mai Tsire

A gidanmu na Zongon Sokode ba a yin atishawa. Ba doka aka kafa ba, hancin ne ya gaji. Babana mai tsire ne, abin da mutanen gari ke kira cicinga, kuma sana'ar da ya tarar mahaifinsa na yi ke nan. Kullum da hantsi Mma, mahaifiyata, na tsakar gida tana dakan yaji: barkono, citta, masoro, kanumfari, ƙuli-ƙuli. Da ta ɗaga taɓarya kajin maƙwabta kan kwashi 'ya'yansu su bar layin. Baƙo ya yi sallama a zaure, kafin a amsa masa ya fara hawaye kamar an yi masa rasuwa. Mu kuwa muna zaune a gindin turmin muna shan koko. A nan aka haife ni, a nan na yi rarrafe, kuma ina kyautata zaton numfashina na farko a duniya rabi iska ne rabi barkono.

Na fara da wannan ne saboda hancin nan ya kusa raba ni da jarrabawar BEPC, ta kammala koleji, a shekarar korona.

Ina turwaziyem, ajin ƙarshe na koleji, aka rufe makarantu. Ranar da aka sanar mun yi murna har da rawa a bakin ƙofa. Murnar ba ta daɗe ba. Aka rufe masallatai, aka hana taro, aka ce kowa ya zauna gida, ni kuwa ba a halicce ni don zama wuri ɗaya ba. Na share tsakar gida har ƙasa ta fara ƙarewa. Na koya wa ƙannena faretin soja da muciya. Na yi wa akuyar Mma kitso. Ranar da na ɗaura wa zakaran gidan takunkumi na sake shi ya shiga ɗakin Baba yana barcin rana, a ranar aka yanke shawarar a tura ni Dapaong wurin Goggo, tun ba a tare hanyoyin garin ba.

Goggo yayar Baba ce, tela ce, kuma ko Baba ba ya musu da ita. Tun ina firamare take cewa yatsuna dogaye ne, na ɗinki ne, ɓata su ake yi da biro. Ba ta da 'ya mace, tana da kekuna uku a shago da ɗaki guda da babu mai kwana a ciki. Ina isa ta duba hannuna tun kafin ta duba fuskata.

Ban yi sati ba na ji ta tana waya da Baba, ta buɗe muryar wayar yadda har masu wucewa a titi za su iya ba da shawara. Ta ce makaranta dai ta mutu, Allah ya jiƙanta, a bar mata yarinyar ta koyi sana'a. Baba ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce: "To Yaya, mu bar wa jarrabawa. In ta ci, ta wuce lise, babbar sakandare. In ba ta ci ba, ko ba a yi ba, taki ce."

Goggo ta ce ta yarda. Ta ajiye wayar ta je ta yaye wa keke na uku mayafinsa, ta goge masa ƙura, tana 'yar waƙarta.

Ba wai na raina ɗinki ba ne. Ɗinki ne ya raina ni. In na zauna a keke ƙafata ta yi garin Kara, hannuna ya yi garin Mango, zaren ya tsaya a tsakiya yana kallonmu. Alluran da na karya a shagon Goggo da za a haɗa su da sun yi gada. Kuma ɗinki zama ne, zama tun safe har la'asar, kai a sunkuye. Duk lokacin da na kalli keken nan na uku sai in ji kamar an sa mini tururuwa a riga.

Don haka na kama karatu kamar ban taɓa kamawa ba. Mushen lissafi, wato malaminmu, don Mushe muke ce wa malami, yana turo mana darasi da murya ta wasap. Waya ɗaya ce a gidan, ta Goggo, cike take da hotunan ɗinkunan mutane, kuma ba ta kama layi sai a kan wani bulo da ke bayan banɗaki. A nan nake tsayawa da ƙafa ɗaya, wayar a sama, ina sauraren darasin kusurwoyi, zabin maƙwabta suna amsa wa Mushe. Wani lokaci ana tsakiyar bayani mai kaya ta kira tana tambayar zanenta, darasin ya yanke, in dawo in tarar an riga an sami amsar ba da ni ba. Haka muka yi azumi, haka muka yi salla ba idi, ba ziyara. Da yamma nakan tsaya a ƙofar gida ina ƙirga 'yan zemijan, masu achaɓa, waɗanda suka sa takunkumi a baki da waɗanda suka rataye shi a haɓa kamar gemu.

Takunkumin nan, da muke ce wa kashine, shi ya riƙe shagon Goggo. Ba biki ba suna, ba mai ɗinka sabon kaya, amma kowa na neman abin rufe hanci. Duk guntun atamfar da ta tara tun kafin a haife ni ta fito da shi. Ita tana ɗinki, ni ina zura roba, aikin da ta ce ko makaho ba zai ɓata ba. Na ɓata wasu.

Damina ta fara sauka aka ce 'yan ajin jarrabawa su koma makaranta. Na yi tsalle har na buge fitilar shago. Goggo ta raka ni tasha. A nan ta ce tunda dai na nace, za ta ɗinka wa duk 'yan ajinmu kashine sadaka, ta aiko, kada a ce 'yar gidansu ta je makaranta hannu rabbana. Ta ƙara da cewa ba ta mayar da mayafin keke na uku ba, tana jira.

Makarantar da na tarar ba ita na bari ba. Babu ƙananan aji, sai mu kaɗai, filin ya yi shiru ciyawa ta cinye shi. A bakin ƙofa an ajiye bokitai masu famfo da sabulun ruwa, an ja layuka da farar ƙasa inda kowa zai tsaya nesa da ɗan'uwansa. Mai gadi yana riƙe da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga, ya saita maka a goshi, ta yi ƙara, ya duba zafin jikinka. An raba ajinmu biyu, kowa da bencinsa shi kaɗai. Mu da muka saba mu uku a benci ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, amsa na tafiya daga wannan kunne zuwa wancan, yanzu in kana son amsar wani sai dai ka aika masa da mota. Ba gaisawa da hannu, ba cin wake da shinkafa a kwano ɗaya, ba karɓar ledar ruwa daga bakin ƙawa.

Direkta, shugaban makarantar, ya tara mu a fili, kowa a kan ɗigonsa, ya yi mana bayani ba wasa a fuskarsa, iyakar abin da muke gani na fuskar. Ya ce an buɗe makarantar ne da sharaɗi. Duk wanda aka ga alamar cutar a jikinsa zai koma gida a killace shi har sai likita ya sallame shi, in kuma alamar ta bazu a aji, a rufe ajin. Ya nuna wata babbar takarda da aka manna a bangon kowane aji, mai hotunan alamomin: mutum yana tari, mutum yana rawar sanyi, da wata mata riƙe da fure a hanci ta ɗaga kafaɗa, wato ba ta jin ƙamshi. Mun yi wa matar nan dariya sosai. Har suna muka sa mata.

Surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, shi ya ƙara nasa. Dogo ne siriri, muryarsa ta fi shi kauri. Ya ce duk wanda ya sauke kashine daga hancinsa a cikin aji, ko da ƙuda ne ya shiga, ya ɗauki jakarsa ya tafi gida. Kuma ya cika alkawari. A satin farko ya kori wani yaro da ya sauke nasa don ya yi hamma.

Ni aka ba shugabancin bokiti. Direkta ya ce tunda ba na iya zama, gara a ba ni aikin tsayuwa. Ni ke cika ruwa, ni ke matsa wa mutane sabulu, ni ke mayar da wanda ya jiƙa yatsu biyu ya ce ya wanke. Na riƙe muƙamin nan da hannu biyu. Har malamai nake tsayarwa. Gaskiya ina jin daɗin mulkin, amma akwai tsoro a ƙasansa: duk hannun da ya wuce ba wanki, gani nake kamar shi zai tura ni kan keke na uku. In wani ya yi tari a bayan aji sai in juya in harare shi har ya haɗiye sauran.

Kwanaki suna tafiya, jarrabawa tana matsowa, kashinen mutane suna mutuwa. Na wasu roba ta saki, na wasu ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Akwai yaron da shi da yayansa suke karɓa-karɓa da guda ɗaya. Akwai wanda ya mai da nasa hankici. Direkta ya ce wannan ba kariya ba ce, ado ne, kuma duk wanda bai zo da mai tsabta ba ba zai shiga jarrabawar gwaji ba. Iyaye da yawa a lokacin kasuwa ta tsaya musu, har Babana, don tsire abincin yamma ne kuma dokar hana fita ta daɗe tana korar masu saye. Sai na ɗaga hannu na ce Goggona ta Dapaong za ta aiko wa kowa da sabo kyauta. Na ce nata ninki uku ne, ko hayaƙi ba ya ratsa shi. Na ce har daga Burkina ake zuwa layi. Direkta ya ce Allah ya saka mata, ni kuwa na zauna ina hura hanci.

Saƙon ya yi ta jinkiri. Kullum ƙawata, wata 'yar ƙabilar Tem da muke tare tun firamare, sai ta tambaye ni ko Goggon tawa da ƙafa ta taho da shi. Ya iso ana gobe jarrabawar gwaji, a hannun direban motar shanun da ke kawo wa su Baba dabbobi daga arewa.

A danginmu ba a aika saƙo shi kaɗai. Ko allura za ka aika wa ɗan'uwa sai ka haɗa masa da tsaraba, in ba haka ba a ce ka manta zumunci. Kuma tsarabar Goggo ga Baba tun fil azal ɗaya ce: niƙaƙƙen barkonon Dapaong, wanda take cewa na Sokode kusa da shi tumatir ne. Ta ƙulla shi a leda-leda, kuma don kada ledojin su fashe a hanya, sai ta yi musu matashi da kashinen ajinmu, ta jera a buhu ɗaya. Buhun ya yi tafiyarsa a kan motar shanu, ya sha gangara da ramuka. Da Mma ta kwance shi, ledoji biyu sun fashe.

Mma ta zazzage komai a tabarma. Yawancin atamfar ja ce da ruwan goro, ba a ganin komai a jiki. Ta kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta tattara garin barkonon da ya zube ta mayar a kwano don ba a asarar irinsa. Na ce ko mu wanke su. Ta duba sama, hadari ya haɗu, ta ce in muka wanke ba za su bushe kafin safiya ba, kuma sabon ɗinki me zai sa a wanke shi. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci ta ja numfashi. Ta miƙo mini na ja. Baba ya zo wucewa aka miƙa masa ya ja. Dukkanmu muka yarda ƙamshin sabuwar atamfa kawai yake yi.

Da safe na raba su a ƙofar aji kamar 'yar takara. Kowa ya cire tsohonsa ya jefa a jaka ya ɗaura sabo, muka shiga, Mushen lissafi ya raba takardu, Surbeyan ya tsaya a taga yana gadi.

Wanda ya fara wani yaro ne a gaba. Atishawa ɗaya, ƙarama, ya yi ƙoƙarin danne ta. Na harare shi. Sai wata yarinya a bayana ta amsa. Sai wani ya yi tari. Kafin Mushe ya gama rubuta lokaci a allo ajin ya zama kamar garken awaki da mura ta kama. Idanu sun yi ja, hawaye na gangarowa suna shiga kashinen, wanda hakan ya ƙara jiƙa abin da ke ciki. Kuma babu wanda ya sauke nasa, don ga Surbeyan a taga, kuma kowa ya tuna yaron hamma. Suna kuka, suna tari, suna riƙe da biro.

Mushe ya ja baya har ya manne da allo, alli ya yi masa zane a riga. Surbeyan ya bar tagar da gudu, ya dawo da Direkta. Suka tsaya daga bakin ƙofa, babu mai shigowa. Na ga Direkta ya kalli ajin, ya kalli takardar bango, ya fito da wayarsa. Na san ma'aikatan lafiya zai kira, na san kuma abin da zai biyo baya. Na ji ƙarar keken Goggo a kunnena, wallahi, har da inda yake tsallake zare.

Ƙawata ce ta cece su. Ta miƙe, ta fizge kashinenta, leɓunanta sun kumbura kamar an yi mata allura, ta ce a kore ta in za a kore ta, amma wannan ba korona ba ce, yaji ne. Sai kowa ya fizge nasa. Aka fito da su fili, aka yi layi a bokitaina ba ma sai na yi magana ba, ana wanke fuska ana zagina da Tem da Hausa da Faransanci. Ba a jima ba tarin ya lafa. Direkta ya ɗauki kashine ɗaya da bakin biro, ya kai kusa da fuskarsa, ya yi atishawar da ta tayar da tsuntsaye daga mangwaro. Ya mayar da wayar aljihu.

Na saki ajiyar zuciya. Aji ya tsira. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin.

Sai Surbeyan ya lura ni kaɗai ce har yanzu kashinena ke fuska, idona fari tas. Ya ce in matso, sannan ya ce a'a, in tsaya a inda nake. Ya tambaye ni ko ba ni na kawo su ba, na ce ni ce. Ya ce to da na ɗauko su, da na raba su, da na ɗaura nawa tun safe, ban ji warin barkono ba?

Na ce: "Wallahi Mushe, ban ji komai ba."

Na faɗe shi ne don in wanke kaina. Na ga waɗanda ke kusa da ni suna ja baya a hankali, har ƙawata. Na bi idanunsu ta cikin taga, suka kai ni kan matar nan mai fure.

Direkta ya sake fito da wayar.

Aka kai ni wani aji na ƙananan yara da ba kowa, aka ce in zauna. Ban zauna ba. Na zagaya bencuna, na leƙa wannan taga, na leƙa waccan, na karanta duk abin da aka sassaƙa a kan tebura. Ina hango 'yan ajinmu sun ɗaura tsofaffin kashinensu sun koma ciki, ana ci gaba da gwaji ba da ni ba. Na yi ta ihun bayani daga ƙofa, cewa gidanmu ne haka, cewa kakana ma haka yake. Surbeyan ya ce ya san ni, ni ce na taɓa rantsewa na ga kada a rijiyar makaranta. Wannan gaskiya ne, na faɗa, kuma ƙadangare ne, amma babba. Yau da nake faɗin gaskiya tsirararta ba mai saye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali lissafi ne mai sauƙi, wanda ko ni na iya: in aka killace ni yanzu, aka ɗauki gwaji aka aika, aka jira sakamako, jarrabawa za ta zo ta wuce ina ɗaki ina kallon akuya. Baba kuma ya ce ko ba a yi ba, ni ta Goggo ce. Na kai hannuna hanci na shinshina. Na shinshina allo, na shinshina jakata. Ina ji kamar ina jin wari, kuma ina ji kamar tsoro ne kawai. Har na fara zargin kaina.

Aka aika aka kira Mma. Ta zo a zemijan, mayafi a karkace, hannunta da sauran jan yaji. Na ce alhamdu lillahi, ga mai shaida. Direkta ya yi mata bayani daga nesa. Ta ce ita ba ta ga abin tayar da hankali ba, yaran yanzu ne ba su da ƙwari. Ta ɗauki kashine ɗaya daga tarin da aka zubar, ta manna a fuska, ta ja numfashi har ƙirjinta ya tashi, ta sauke.

Ta ce: "Ni ma ban ji komai ba. Babanta ma jiya bai ji ba."

Surbeyan ya ƙara ja baya taku biyu. Aka kawo wa Mma benci aka ajiye mata a ajin da nake. Mai shaida ta zama fursuna ta biyu.

Nas ɗin asibitin unguwa ta iso a kan babur, da farar riga da safar hannu da wani gilashi a fuska. Ta auna zafinmu, lafiya. Ta tambaye mu tari, ciwon kai, ciwon jiki, babu. Ta saurari labarin buhu tun daga Dapaong, ta tambayi sana'ar gidanmu, na ga idanunta sun ɗan ƙanƙance kamar mai ɓoye dariya. Amma ta ce ita ba za ta sallami mutum da labari ba, sai ta ga hancin yana aiki. Ta ce in rufe ido da ɗankwalina, a kawo abubuwa in faɗi sunansu. Surbeyan ya ce shi zai miƙa, don ya san dabaruna, kada wani ya raɗa mini.

Ya miƙo na farko, ya miƙe hannu iyakar tsawonsa. Na ce sabulun bokitina ne. Na biyu na ce jabel, ruwan wanke ƙasa. Na uku ɓawon lemo. Kowanne na ji shi sarai. Sai na ji Surbeyan yana cewa wannan ba hujja ba ce, abubuwan makaranta ne, kowa zai iya canka, kuma wa ya sani ko tana leƙe ta ƙasan ɗankwalin.

Ni kuwa tun abu na farko akwai wani wari da ke rakiyar kowane abu, ina ta danne shi saboda ladabi. Na auna ladabi, na auna keke na uku.

Na ce: "Akwai na huɗu. Hannun da ke miƙo mini kayan nan ya ci soyayyen kifi da albasa da safe. Kuma bai biya ta bokitina ba."

Na ɗaga ɗankwalin. Nas ta juya baya kafaɗunta na rawa. Direkta yana duban rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa. Mma ta ce mini marar kunya, a hankali, ba da zafi ba. Surbeyan ya ajiye ɓawon lemon a kan tebur, ya fita, muna kallonsa ta taga ya tafi har bakin ƙofa, ya matsa sabulu, ya wanke hannu har gwiwa, ya daɗe yana yi.

Nas ta ce hancina lafiyarsa lau, barkono ne kawai ya daina yi masa magana. Ta gwada Mma ita ma ta ci. Duk da haka ta ce za ta riƙa biyowa gidanmu tana auna mu na 'yan kwanaki, kuma duk wanda ya ji wani abu na gaske a ajin kada ya ɓoye don tsoron jarrabawa. Ta zo kuwa, sau ɗaya ta shiga tsakar gida lokacin daka, daga ranar a zaure take tsayawa.

Gwajin lissafi na ranar an soke shi, don rabin takardun sun jiƙe da hawaye. Direkta ya sa aka kawo manyan robobi, duk ajin muka wanke kashinen Goggo, ruwan farko ya fito kamar miya. Muka shanya su a igiya daga mangwaro zuwa sandar tuta. Daga ranar ya zama ƙa'ida, duk kashinen da zai shiga aji sai an wanke shi an shanya, sabo ne ko tsoho. Surbeyan kuma ya sassauta dokarsa: wanda abu ya dama ya ɗaga hannu ya fita waje ya sauke. Bai sake yi mini magana ba sai da dole, amma kullum da safe yakan tsaya a gabana ya miƙo hannu biyu in matsa masa sabulu.

Da kashinen Goggo muka shiga BEPC. Ƙawata ta ce nata har ranar ƙarshe yana ɗan cizo, kuma shi ya hana ta barci a jarrabawar tarihi.

Ranar da sakamako ya fito na ci, ba da wani babban maki ba, amma na ci. Na kira Goggo ina haki. Ta ce to madalla, dama allurai sun yi tsada. Sannan ta ce a ba ta Baba, tana so ta ji ko barkonon ya yi daɗi.

Da za mu shiga lise ta sake aiko mini da kashine, masu kyau, ninki uku na gaske. Wannan karon da daddawa ta haɗa su. Tun buhun yana zaure na ji shi, na ɗauko roba da sabulu.